Fitinar Ƙidayar Waƙoƙin Mako A Gidajen Rediyo

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya ƙagi ji da gani da zukata, Ya kuma sanar da bayinSa cewa za a tambaye su a kan kowanne daga cikinsu. Tsira da amincin Allah su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, maganarmu ta wannan wata ta shafi wata fitina wadda ba ta sallama kafin ta shiga gida, kuma maigida da kansa ne yake saya mata batir. Muna nufin shirin nan da wasu gidajen rediyo suke watsawa a ƙarshen mako, inda ake jero waƙoƙi 10, ko 20, ko 40, ana ƙirgawa daga ta ƙarshe har a iso ga ta 1, wadda za a naɗa sarauniyar mako. Yanzu kuma an ƙara da watsa shi kai tsaye ta intanet, yadda zai iske yaro a cikin wayarsa ko da yana can cikin gona. Mu da muke Daddara da sauran garuruwan ƙaramar hukumar Jibiya, a kan hanyar da ta tashi daga Katsina ta ratsa Magama ta shiga Ɗan Isa ta nufi Maraɗi, abin ya fi shafarmu, domin muna tsakanin iskar ƙasashe biyu. Abin da aka watsa a Katsina da abin da aka watsa a Maraɗi duk kunnen 'ya'yanmu suke nema, kuma iska ba ta tsayawa a shingen kwastan.

Asalin wannan haja

Wajibi ne mu san tushen abu kafin mu yanke masa hukunci. Wannan salo a Amurka ya girma. Mujallar Billboard ta fara fitar da jadawalinta na waƙoƙi 100 a 1958. A ranar 4 ga Yuli, 1970 aka fara shirin American Top 40 da muryar Casey Kasem a tashoshi 7 kacal. Da farko awa 3 ake yi, a 1978 aka mai da shi awa 4, a 2004 kuma Ryan Seacrest ya karɓi gabatar da shi. Daga tashoshi 7 ɗin nan ya bazu zuwa ɗaruruwa a ciki da wajen Amurka, sauran ƙasashe kuma suka ɗauki samfurin suka ɗinka nasu a kansa.

Yadda cinikin yake kuwa shi ne na sari. Kamfani guda ne yake haɗa shirin a can wani birni, ya naɗe shi tsaf, ya rarraba wa tashoshi. A da a faifai ake aikawa ta gidan waya, daga baya ta tauraron ɗan Adam, yau kuwa sauke shi ake yi daga intanet cikin 'yan mintuna. Tasha tana biya da kuɗi, ko kuma ta biya da lokacinta, wato ta bar wa kamfanin wasu mintuna ya zuba tallarsa, ragowar kuma ta sayar wa 'yan kasuwar gari. Ma'aikacin da yake bakin aiki a lokacin ba shi da ta cewa a kan ko waƙa guda. Aikinsa ya kunna, ya saka talla a gurbinta, ya faɗi sunan tasha. Wanda ya tsara abin da ɗan Daddara zai ji bai san Daddara ba, bai san lokacin Azahar ɗinmu ba, bai san watan azuminmu ba, kuma babu wani dattijo a garin nan da zai iya kiransa ya yi masa faɗa.

Ƙofar da wannan haja ta shigo ta ita a ƙasarmu sananniya ce. Doka ta 38 ta 1992 ce ta kafa Hukumar Kula da Kafofin Watsa Labarai ta Ƙasa, wato NBC, ta kuma halatta wa 'yan kasuwa mallakar tashoshi. A 1994 Raypower ta fara aiki a Legas a matsayin rediyo mai zaman kansa na farko, a 2003 Freedom Radio ta buɗe a Kano, daga nan tashoshin FM suka yawaita a biranen Arewa. A Nijar ma a tsakiyar shekarun 1990 aka fara samun irinsu, kamar Anfani. Ba ma musun alherin da ke cikin wannan buɗi. Talaka ya samu inda zai kai kukansa, malamai sun samu inda za su karantar. Amma tasha mai neman riba tana da awa 24 da za ta cike kowace rana, kuma shirin sari ya fi arha a kan a tura ɗan rahoto ƙauye. Nan gizo yake saƙar.

Wane ne ya yi zaɓen?

Kullum mai gabatarwa cewa yake yi waɗannan su ne waƙoƙin da jama'a suka fi so. To, wace jama'a? An tambayi mutanen Daddara? An tambayi na Madarunfa? Irin wannan jadawali ana gina shi ne a kan yawan kunna waƙa a rediyo, da yawan sayenta, da yawan sauraronta a intanet. Ka duba da kyau, ya kai mai karatu: tasha ta yawaita kunna waƙa, sai waƙar ta hau jadawali saboda an yawaita kunna ta, sai kuma a ƙara kunna ta saboda ta hau jadawali. Da haka ake cusa wa kunne abu har ya saba, sannan a dawo a ce shi ya nema.

Ko su masu abin sun shaida cewa akwai ha'inci a ciki. A 1959 da 1960 majalisar dokokin Amurka ta binciki cin hancin da kamfanonin faifai suke bai wa masu gabatar da shirye-shirye domin su fifita waƙoƙinsu, har aka yi doka a 1960 ta hana karɓar irin wannan kuɗi a ɓoye. Dokar ba ta kashe cutar ba, domin a 2005 kamfanin Sony BMG ya yarda ya biya dala miliyan 10 bayan binciken babban lauyan jihar New York a kan wannan laifi. A 2024 kuma an gurfanar da wani mutum a Amurka bisa tuhumar cewa ya tara fiye da dala miliyan 10 ta hanyar sa na'urori su yi ta sauraron waƙoƙin da kwamfuta ta ƙirƙira. Wato ba mawaƙi, ba mai sauraro, amma ga lissafi yana hawa. Nijeriya ma ta samu nata jadawalin, TurnTable, tun 2020, kuma shi ma a kan lissafin rediyo da intanet yake dogara. Mudun da aka san ana iya danna masa gindi, yaya za a auna son zuciyar al'umma da shi?

Da intanet ta shigo

A da, zangon FM yana da iyaka. Idan ka yi nisa da birni sai murya ta fara shaƙewa, kuma akwatin rediyo guda ne a tsakar gida, uba yana jin abin da ɗansa yake ji. Tun daga 1994, lokacin da wata tashar ɗalibai a Amurka ta fara watsa shirinta ta intanet, wannan iyaka ta fara rushewa. Yau tasha tana tura sautinta ta shafinta, ko Facebook, ko manhajoji irin su TuneIn da Radio Garden, ga kuma Boomplay da Audiomack da Spotify, wanda ya shigo Nijeriya a 2021. Sai yaro ya toshe kunnuwansa da abin sauraro, yana zaune kusa da mahaifinsa, amma zuciyarsa tana Legas ko Landan. Kunyar da take hana yaro sauraron batsa a gaban manya an kewaye ta, kuma wannan hasara ce da ta fi ta dukiya.

Ga kuma ta dukiyar. Sauti mai nauyin kilobit 128 a daƙiƙa yana cin kusan megabait 58 a awa guda, wato kimanin 230 a shirin awa 4. A watan Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kan kuɗin kira da data. Rediyon da kakanninmu suka sani kyauta yake shigowa, sai dai batir, amma wannan ɗan talaka ne yake biyan kuɗin dakon abin da zai ɓata shi. Sannan a lissafa lokaci. Awa 4 a kowane mako awa 208 ke nan a shekara, fiye da kwana 8 cur dare da rana. Mai karanta izu 2 a awa guda cikin natsuwa zai sauke Alƙur'ani sau 6 a wannan lokaci, har ya kusa kammala ta 7. Manzon Allah (SAW) ya faɗakar da mu, a hadisin da Bukhari ya ruwaito daga Ibn Abbas, cewa lafiya da sararin lokaci ni'imomi ne guda biyu da mutane da yawa suke tafka hasara a cikinsu.

Abin da shari'a ta ce

A aya ta 6 ta Suratu Luƙman Allah Ya zargi mai sayen zancen shagala domin ya ɓatar daga tafarkinSa, kuma Abdullahi ɗan Mas'ud (RA) ya yi rantsuwa cewa waƙa ake nufi. A lura da kalmar saye, domin ta yi daidai da halin tashar da take ƙulla yarjejeniya ta biya. A cikin Sahihul Bukhari akwai hadisin Abu Amir ko Abu Malik Al-Ash'ari, wanda yake ba da labarin wasu mutane daga wannan al'umma da za su halatta zina da alharini da giya da kayan kiɗa. Jera kayan kiɗa tare da waɗancan ya isa ishara ga mai hankali. Risalar Ibn Abi Zaid Al-Ƙairawani, wadda ake karantawa a kowane zaure daga Katsina har Maraɗi, ta hana a yi nufin sauraron kayan wasa da waƙa. Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a 751 bayan Hijira, ya yi dogon bayani a Igasatul Lahfan a kan yadda waƙa take gusar da son Alƙur'ani daga zuciya. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah Ya jiƙansa, ya lissafa shagala da kaɗe-kaɗe cikin abubuwan da ya soki sarakunan zamaninsa da su.

Shari'a ba ta hana farin ciki ba. An yi rangwamen buga mandiri a aure da Idi, kuma hadisin Nana A'isha (RA) a kan 'yan mata biyu da suke waƙa a ranar Idi ingantacce ne. Waƙar wa'azi da ta ilimi kuwa da ita Shehu da ƙaninsa Abdullahi da 'yarsa Nana Asma'u suka karantar da jama'a. Amma ina haɗin wannan da awa 4 na siffanta jikin mace, da yabon giya da ƙwaya, da kambama wanda ya tara dukiya ko ta halin ƙaƙa?

Shubuhohi da amsoshinsu

Za su ce ai malamai sun yi saɓani, ga Ibn Hazm ya halatta. Gaskiya ne Ibn Hazm, wanda ya rasu a 456 bayan Hijira, ya raunana hadisin Bukhari bisa zaton cewa isnadinsa yankakke ne. Sai dai Ibnus Salah ya mai da masa martani, Ibn Hajar kuma ya kawo hanyoyin hadisin a sadar a cikin Tagliƙut Ta'aliƙ. Ko mun bar wannan, malaman da suka sassauta, har da na wannan zamani irin su Yusuf Al-Ƙaradawi, sun gindaya sharuɗɗa: kada lafazin ya zama na alfasha, kada ya haɗu da haram, kada ya shagaltar daga wajibi. Duk wanda ya fahimci abin da ake faɗa a akasarin waƙoƙin jadawalin nan ya san ba za su tsallake ko sharaɗin farko ba. Saboda haka mai fakewa da saɓani ya fake a inuwar da ba ta rufe shi ba.

Za su ce ai da Turanci ko Faransanci ake yi, yara ba sa ji. Wannan uzuri ya fi laifin muni. Ashe ka yarda kana ɗora wa ɗan Musulmi lafazin da zai riƙa maimaitawa bai san ma'anarsa ba? Kuma yaron da ya ji sunan waƙa a rediyo, da yamma zai nemo bidiyonta a waya, inda babu buƙatar tafinta.

Za su ce to ai akwai ƙidayar waƙoƙin Hausa, namu na gida. Amsa ita ce, hukunci yana bin abin da aka faɗa da yadda aka faɗe shi. Alfasha da Hausa ta fi saurin shiga zuciya, domin babu shamaki tsakaninta da mai ji. Samfurin ma guda ne: a koya wa matashi cewa babban labarin mako shi ne wa ya hau, wa ya sauka.

Za su ce wanda ba ya so ya murɗa akwatinsa. Wannan magana ce ta wanda ya ɗauki iska gonar gadonsa. Zangon da tasha take amfani da shi dukiyar al'umma ce, lasisi aka ba ta, kuma lasisi amana ne. Direban da ya kunna a mota daga Jibiya zuwa Katsina, fasinja zai murɗa masa? Mai shayi da mai cajin waya a bakin kasuwa fa? Kowannenmu makiyayi ne abin tambaya a kan kiwonsa, kamar yadda ya tabbata a Bukhari da Muslim, kuma mai tasha kiwonsa dubban kunnuwa ne.

Za su ce kasuwanci ne, da talla ake biyan albashi da man janareta. Mun san tsadar gudanar da tasha, ba ma raina ta. Amma tsadar mai ba ta taɓa halatta wa ɗan kasuwa sayar da gurɓataccen magani ba. Kuma a watan Ramadan, lokacin da tashoshin nan suke cika da tafsiri, attajirai rububin ɗaukar nauyi suke yi. Ashe alheri ma yana da kasuwa.

Darasin da Jibiya ta koya

Wanda yake son sanin darajar rediyo ya tambayi mutanen wannan yanki. A watan Satumban 2021 aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, har da Jibiya, saboda ta'addancin 'yan bindiga, aka shafe watanni ana cikin wannan hali. A lokacin, wanda ba shi da layin Nijar da zai laluɓa a bakin iyaka, akwatin rediyo ne kaɗai ya rage masa. An rufe iyaka a watan Agustan 2019, ba a buɗe ta Jibiya ba sai Afrilun 2022. An sake rufewa a Agustan 2023 bayan juyin mulkin 26 ga Yuli a Nijar, sai a Maris 2024 Nijeriya ta janye nata takunkumin. A duk waɗannan shekaru manomi yana son sanin ko hanya lafiya, ɗan kasuwa yana son sanin farashin gero da wake da canjin sefa, matar da aka raba da ƙauyenta tana son jin inda za ta samu taimako, maraya yana buƙatar mai yi masa magana. Al'ummar da take cikin wannan jarrabawa ce za a zauna ana ƙirga mata waƙoƙin masu shagali a biranen da ba su san da zamanta ba? Wannan rashin tausayi ne, ko da ba a kawo maganar halal da haram ba.

Kuma mun ga abin da rediyo yake iya yi idan ya samu masu kishi. Tafsirin Shaihu Abubakar Mahmud Gumi, Allah Ya gafarta masa, wanda Rediyon Kaduna ya riƙa watsawa daga masallacin Sultan Bello har zuwa rasuwarsa a 1992, ya shiga ƙauyukan Nijeriya da Nijar inda ƙafar malami ba ta taɓa takawa ba, ya farkar da mutane da yawa zuwa ga sunna. Na'urar dai ita ce, abin da aka zuba mata ne ya bambanta.

Mafita

Ga masu tashoshi da manajojinsu, muna yi muku nasiha ta 'yan'uwantaka: ku ji tsoron Allah a kan abin da kuke sa hannu a kai. Kada ku karɓi shirin da ba ku da ikon tace shi, kuma kada ku tura ta intanet abin da za ku ji kunyar kunnawa a gaban iyayenku. Duk wanda ya yi kira zuwa ga ɓata yana da kwatankwacin zunubin waɗanda suka bi shi, kamar yadda ya zo a Sahihu Muslim, kuma abin da aka ajiye a intanet yana ci gaba da yawo bayan mai shi ya shiga kabari.

Ga attajiranmu masu ba da talla, ku tambayi a wane shiri za a saka sunan hajarku. Kuɗinku ne yake raya shiri, janye shi kuma yake kashe shi.

Ga iyaye, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ku san abin da yake cikin wayar da kuka saya, ku san inda kuɗin data yake tafiya, ku kuma zauna da 'ya'yanku ku yi musu bayani da hujja, domin tsawa kaɗai ba ta cire abin da ya riga ya zauna a zuciya.

Ga 'yan'uwa a rassa da kwamitoci, zargi ba ya cike gurbi. Matashi yana son a yi magana da shi, yana son gasa, yana son jin sunan garinsu a iska. Sai mu haɗa kuɗi mu sayi lokaci a tashoshin Katsina da Maraɗi a daidai sa'o'in da ake waccan ƙidaya. A yi musabaƙar karatun Alƙur'ani da kacici-kacici tsakanin Islamiyyu, a kawo tarihin sahabbai da na malaman ƙasar Hausa, a gayyato likita da malamin gona da masanin sana'a, a yi shi da sauti mai kyau da shiri na ƙwarai, a kuma watsa ta intanet domin 'yan'uwanmu da suke ci-rani. A tura matasanmu su koyi aikin jarida da sarrafa na'ura. Ƙorafi kuma a rubuta shi cikin ladabi, da rana da lokaci da sunan shiri, a kai wa tasha, in ba ta saurara ba a kai wa NBC. Ba mu yarda da zagi ko barazana ko ɗaukar doka a hannu ba, domin Allah Ya umarce mu da kira cikin hikima da kyakkyawan wa'azi, kuma ma'aikatan nan 'yan'uwanmu ne da muke fata su gyara.

Muna roƙon Allah Ya tsare mana jinmu da ganinmu, Ya shiryi zuriyarmu, Ya dawo da aminci a Daddara da Jibiya da Maraɗi da sauran ƙasashen Musulmi, Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon binta, Ya nuna mana ƙarya Ya ba mu ikon guje mata.